Daga "review" zuwa "query": yadda za ka gane suka ce, sharhi ne, ko ƙarin kuɗi

Wata Asabar bayan La'asar ina zaune a ƙofar gida a Agege, sai ga kawuna da ke sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Ko gaisawa ba mu gama ba ya zaro wata takarda daga aljihun gaba, an ninke ta gida huɗu, har ta yi laushi saboda gumi. Lauyan mai gidan da yake haya ne ya aiko. Kawu ya haura shekara talatin a Ikko, Yarbancinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba, Turancin buroka kuwa ba a magana. Amma Turancin lauya wata dabba ce daban.

Ya ce, "Ɗana, duba min nan. Yaron shagona ya karanta, ya ce wai za su sake duba kuɗin hayar. Ina fatan sauƙi ne ya samu."

Na warware. A tsakiyar takardar an rubuta "your rent has been reviewed upward". Na ce, "Kawu, yaron bai yi muku ƙarya ba, sun sake dubawa. Sai dai da suka tashi dubawar, sama suka kalla. Ƙari ne." Ya tura hula ƙeya, ya ce, "To su ce sun ƙara mana! Mene ne na kewaye-kewaye?"

Mu a Hausa kowane abu da sunansa. Sharhi daban, tsokaci daban, bita daban. Akwai gyara, akwai suka, akwai kushe, akwai zargi, akwai tuhuma, kuma wanda ya ce zai yi maka gyara ka san ba kushe ka zai yi ba. Turanci kuwa ya ɗauki 'yan kalmomi ya jibga musu duk wannan kaya. Kalma ɗaya sai ta zama yabo a jarida, ta zama ƙarin kuɗi a wasiƙar mai gida, ta zama barazanar kora a ofis. Haddace fassara guda ba ya fisshe ka a garin nan. Ga yadda nake bi idan an kawo min irin waɗannan takardu.

Mataki na farko: ka ajiye ƙamus tukuna

Ƙamus zai ba ka ma'ana biyar ya bar ka da zaɓi. Fara da tambayar kanka wa ya rubuto. Idan daga mai karɓar kuɗi a hannunka ta fito, kamar mai gida, makarantar yara, banki ko kamfanin wuta, to maganar aljihunka ce. Idan daga mai biyanka albashi ce, maganar kujerarka ce. Idan kuma daga wanda ya sayi kayanka ne ko ya hau motarka, sunanka ake magana a kai.

Bayan nan sai ka duba ƙananan kalmomin da ke manne da babbar: "of", "to", "for", "under", "upward". Ido yakan tsallake su saboda ƙanƙanta, alhali a nan gizo ke saƙar. Da yaron shagon Kawu ya tsaya a kan "upward", da bai aiko dattijo da murna ba.

Mataki na biyu: "review"

Kalmar ta shigo Turanci ne ta Faransanci, tushenta kuma Latin, inda "re" ke nufin sake, "videre" ke nufin gani. Sake gani ke nan. Ita kanta ba ta ɗauke da yabo ko suka, sai abin da aka rataya mata.

Fuskarta ta farko ita ce sharhi: mutum ya karanta littafi, ko ya kalli fim, ko ya ci abinci a wani wuri, ko ya sayi waya a Computer Village, sai ya faɗi yadda ya same ta. Mai yin haka shi ne "reviewer". Idan an ce "positive review" an yaba, "negative review" an kushe, "mixed reviews" kuma kan masu sharhin ya rabu. Akwai biyu da ke can ƙarshen ma'auni: "rave review" yabo ne har da kambamawa, "scathing review" kuwa wankin babban bargo ne. Masu tuƙin Bolt da Uber da masu sayar da kaya a Jumia su lura da bambanci guda: "rating" shi ne taurarin nan daga ɗaya zuwa biyar, "review" kuma shi ne rubutun da ke rakiyar taurarin. Taurari suna faɗin cewa an ji haushi, rubutun ne ke faɗin dalili, don haka shi ya kamata ka tsaya ka karanta.

Fuska ta biyu ita ce bita ta hukuma, kuma ita ce ta fi kaɗa hantar mutane. "Under review" ma'anarsa ana kan dubawa, ba a yanke komai ba. Idan ka nemi aiki aka ce takardarka tana "under review", ba a ɗauke ka ba, ba a kuma jefar da kai ba. Masu kallon ƙwallo sun riga sun san wannan yanayi: tun gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha muke ganin alƙalin wasa ya tsayar da wasa ya ruga wurin allo. Kafin ya dawo babu wanda ya san ko ƙwallon ta ci ko ba ta ci ba. To haka "under review" take.

Idan maganar kuɗi ce, nemi alƙiblar. "Upward review" ƙari ne, "downward review" ragi ne, wanda ba kasafai ake ganinsa ba. A Najeriya "price review" ya zama lulluɓin da ake yi wa ƙarin farashi don kada ya yi zafi a ido. Amma wani lokacin ƙarin naka ne: a 2024 an yi wa mafi ƙarancin albashi irin wannan bita, ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, aka kuma mayar da wa'adin sake dubawar daga shekara biyar zuwa uku. Don haka in ka ga "salary review", kada ka yi saurin karaya.

Sauran fuskokin na masu fanni ne. "Judicial review" shi ne kotu ta duba ko abin da wata hukuma ta yi ya dace da doka. "Constitution review" shi ne bitar kundin tsarin mulkin 1999 da Majalisar Tarayya kan yi. Ɗalibanmu da ke jami'o'in Akoka ko Ojo za su haɗu da "literature review", galibi a babi na biyu na kundin kammala karatu, wato bitar ayyukan da suka gabata, da kuma "peer review", inda masana 'yan'uwan mai bincike suke tantance aikinsa kafin a buga.

Kada ka haɗa ta da "revise". Wanda ya yi "review" dubawa ya yi, wanda ya yi "revise" ya canza. Idan oga ya ce "review this letter", karantawa zai so ka yi ka faɗa masa abin da ka gani. Idan ya ce "revise it", gyara yake nufi. Na taɓa ganin wanda aka ba na farko ya yi na biyu, ya sake wa oga wasiƙa gaba ɗaya, ranar bai ji da daɗi ba.

Mataki na uku: gidan su "critic"

Wannan zuri'a daga Girkanci ta fito, daga kalmar da ke nufin rarrabewa da yanke hukunci, har sunan alƙali a harshen daga nan yake. Asalin aikin ke nan: ware tsaki da tsakuwa. Daga baya ne bakin jama'a ya karkatar da shi wajen neman laifi, shi ya sa 'yan gidan ba su zama ɗaya ba.

"Criticise" a maganar yau da kullum suka ce, babu wani kwana-kwana. Tana tafiya da "for": "they criticised him for coming late", sun soke shi kan makara. Ingila na rubuta ta da "s", Amurka da "z", kowanne daidai ne, sai dai ka riƙe guda a takarda ɗaya. "Criticism" ma suka ce, amma a jami'a "literary criticism" shi ne abin da malaman Hausa ke kira tarken adabi, kuma ana iya yin sa a ƙare da yabo. "Constructive criticism" kuwa Bahaushe ya daɗe da saninsa, shi ne gyara kayanka da ba ya zama sauke mu raba.

"Critic" mutum ne. "Film critic" masanin sharhin fim ne, sana'arsa ke nan. "A critic of the government" kuma mai sukar gwamnati ne. "Critique" aiki ne ba mutum ba: nazari mai zurfi da ke auna ƙarfi da rauni tare. Furucinsu ya bambanta, a "critic" gaɓar farko ake dannawa, a "critique" ta ƙarshe ake ja. Idan malami ya ce ka yi "critique" na wata maƙala, ka zo ka jera laifuffuka kaɗai, rabin aiki ka yi.

Babbar fitinar gidan ita ce "critical". Ƙanwata tana aiki a wani kamfani a Ikeja. Wata rana ta kira ni murya na rawa, ta ce, "Yaya, ina jin matar nan so take ta kore ni." Na ce ta karanto min saƙon da ogar tata ta aiko mata. Ta karanto: "your role is critical to this project". Na yi dariya har ta fara jin haushi. Na ce, "Ke, cewa ta yi in babu ke aikin ba zai tafi ba." Da an rubuta "she is critical of your work", to nan kam suka ce. Tsakanin "critical to" da "critical of" harafi biyu ne, amma ɗaya jigo ne, ɗaya kuma abin suka.

Da sauran rina a kaba. A asibiti "critical condition" mawuyacin hali ne, rai a hannun Allah. A makaranta "critical thinking" shi ne auna magana kafin a karɓe ta. "Critically ill" ciwo ya yi tsanani, amma "critically acclaimed" masana sun yaba. In ka ga "critical", kada ka fassara sai ka ga wanda ke tsaye kusa da ita.

Mataki na huɗu: kalmomin ofis

"Feedback" daga wajen masu harkar lantarki ta samo asali. Ka san ƙugin nan mai huda kunne da lasifika ke yi a wurin wa'azi ko ɗaurin aure idan an kusanto da makirufo? Sunansa ke nan, sauti ne ya fita ya sake komowa ciki. Haka ma a ofis: ka yi aiki, bayanin yadda aka same shi ya komo gare ka. Yana iya zama daɗi, yana iya zama ɗaci. Ba a yi masa jam'i, saboda haka "feedbacks" kuskure ne duk da yawan masu faɗinsa. Ka ce "some feedback". Kuma idan oga ya ce "can I give you some feedback?", gyara zama, da wuya a yi wa yabo irin wannan sallama.

"Appraisal" shi ne awon aikin ma'aikaci na shekara ko na rabin shekara, ma'aikatan gwamnati sun daɗe da saninsa ta fom ɗin da ake kira APER. Ba tuhuma ba ce, kowa ake yi wa, kuma ƙarin girma kan rataya a kansa. "Assessment" da "evaluation" duk kimantawa ce. "Audit" binciken kuɗi da takardu ne, aikin odita. Tushenta kalmar Latin ce mai nufin ji, domin a da karanta lissafin ake yi da baki mai bincike yana sauraro. Zuwan odita ba ya nufin ana zarginka da sata. In ana zargi, kalmar da za ka fi gani ita ce "investigation" ko "probe".

Sai "query". A Ingila tambaya ce kawai, wani zai rubuto "I have a query" yana neman ƙarin bayani. A ofisoshin Najeriya kuwa takardar tuhuma ce, wadda ke shiga fayil ɗinka. Za ka gane ta da jimlar nan: "explain why disciplinary action should not be taken against you", wato ka kawo dalilin da zai hana a hukunta ka. Na rubuta wa masu gadi da direbobi da masinjoji amsarta ba sau ɗaya ba, kuma ga abin da nake gaya wa kowa.

Karɓi takardar. Ƙin karɓa laifi ne na biyu. Sa hannu, ka rubuta kwanan wata da lokacin da aka miƙa maka, domin wa'adin amsa, ko awa 24 ne ko 48 ko yadda aka rubuta, daga nan za a ƙirga. Kada ka rubuta amsa cikin fushi, amma kada ka bar wa'adi ya wuce. Fara da "I refer to your query dated", ka sa kwanan watanta. Amsa abin da aka tambaya kaɗai. Idan kan makarar ranar Talata ce, kada ka jawo rigimarka da wani ta bara. Faɗi abin da ya faru da lokaci da wuri, ka haɗa da shaida in akwai, kamar takardar asibiti. In ka yi laifin, ka ce "I regret this and it will not happen again". In ba ka yi ba, kada kunya irin tamu ta sa ka ba da haƙuri a rubuce, domin a fayil wannan amsa laifi ne. Mu mun saba cewa "a yi haƙuri" ko da mu aka taka, takarda ba ta san wannan ladabin ba. Daga ƙarshe ka yi kwafi biyu, a buga wa naka hatimin karɓa, ka adana.

Mataki na biyar: masu kama da juna

"Censor", "censure" da "census" sukan rikita har masu digiri. Na farko tacewa ce, aikin hukumar tace finafinai ta ƙasa da aka kafa a 1993 da takwararta ta Kano da aka kafa a 2001. Na biyu tsawatarwa ce a hukumance, kamar majalisa ta yi tir da wani jami'i. Na uku ƙidayar jama'a ce, irin wadda aka yi a 2006. Kamannin ba a banza suke ba: a tsohuwar daular Rum jami'i guda ne ke ƙirga mutane yana kuma sa ido kan ɗabi'unsu.

"Commend" yabawa ce, "condemn" Allah wadai. A rediyo ko a waya mai ƙarancin sabis suna iya yi maka kama, sai ka jira sauran jimlar.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na buroka. Baƙon da ya sauka Legas jiya, in ya ji an ce "dem dey yab you", kunnensa zai ji yabo. Ina! "Yab" ba'a ce da zambo. Marigayi Fela Kuti ya yi suna da "yabis", inda yakan tsaya a dandalinsa na Ikeja ya yi wa gwamnatocin soja tatas.

Mataki na shida: kanun jarida

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Tsaya wurin mai jarida a Obalende ko Oshodi ka duba kanun Punch ko Vanguard. Saboda ƙarancin fili, gajerun kalmomi suke so. "Hails" da "lauds" yabo ne. "Faults" ya nuna kuskure, "knocks" da "tackles" ya soka, "slams", "blasts", "flays", "berates" da "carpets" duk caccaka ce. Sau da yawa in ka shiga cikin labarin za ka tarar maganar ba ta kai zafin kanun ba. A soshiyal midiya kuma "call out" shi ne a fito fili a ambaci laifin mutum, "drag" a yi masa taron dangi. Duk waɗannan na karantawa ne, kada ko ɗaya ya shiga wasiƙarka ta ofis.

Mataki na bakwai: in kai ne za ka rubuta

Zaɓi kalma gwargwadon abin da kake so ya faru. In gyara kake nema daga na sama, ka ce "please review and advise" ko "I would appreciate your feedback". Kada ka ce "please criticise my work", Bature zai ji ta wani iri. In kai ne za ka yi wa abokin aiki gyara, ɗora maganar a kan aikin ba a kan mutumin ba. "The figures on page two need checking" ta fi "you made a mistake" saurin shiga. In za ka saɓa wa oga, "I have some reservations" ko "I have a concern about" sun isa, ya gane ba ka gamsu ba, kuma ba ka ci fuskarsa ba.

In sharhin kaya ko na wani wuri za ka sa a intanet, rubuta abin da ya faru da kai: ranar da ka saya, nawa ka biya, me aka yi alkawari, me ka samu. "The phone stopped charging after three days" labari ne da rasit zai tsaya maka a kai. "They are fraudsters" kuwa zargin laifi ne, kuma in ba ka da hujja, kai za a juyo wa da batun ɓata suna. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024, an kuma sha kama mutane kan abin da suka wallafa. In kuɗinka kake so a dawo maka, abin da kake buƙata "complaint" ne ba "review" ba, wato ƙorafi a rubuce zuwa ga kamfanin, in ya ƙi sai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC.

Shi Kawu, da kalmar lauyan muka mayar masa da amsa. Na gaya masa dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta ba ɗan haya damar zuwa kotu idan yana ganin ƙarin ya wuce hankali, duk da cewa ba ta shafi wasu unguwanni ba, kamar Ikoyi, Apapa da Victoria Island. Ya ce shi da mai gidan sun yi shekaru ba a taɓa jin kansu ba, ba zai fara da kotu ba. Sai muka rubuta layi huɗu: mun ga takardarku mai kwanan wata kaza, Kawu ya shekara kaza a gidan bai taɓa jinkirin biya ba, rufin ɗakin baya yana yoyo tun daminar bara, sannan "we respectfully request a downward review of the new rent". Na karanta masa, na fassara. Ya ce in maimaita kalmar ta tsakiya.

Na ce, "Downward, Kawu. Ƙasa."

Ya ce, "Yawwa. Ja mata layi, kada shi ma yaronsa ya tsallake ta."